Tsokar Da Ke Riƙe Fitsari, Da Yadda Mace Za Ta Ƙarfafa Ta

Akwai wata damuwa da ta ke samun iyayenmu mata da yawa, amma ba safai a kan ji maganarta ba. Mace ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, sai ta ji fitsari ya ɗigo mata ba da nufinta ba. Wata kuwa sai ta sunkuya za ta ɗauki tulu, ko ta ɗaga taɓarya, sa'an nan abin ya zo. Kunya ta hana ta gaya wa kowa. Sai ta riƙa yin ƙunzugu kullum, ta rage shan ruwa, ta daina zuwa biki da suna. In lokacin salla ya yi, ga shakka a kan alwala, ga shakka a kan tsarkin zane.

To, jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muna so mu yi wannan magana a fili, domin likitoci sun ƙidaya sun ga kusan mace ɗaya cikin uku ta kan gamu da wannan abu bayan haihuwa. Ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne, ba kuwa ƙazanta ba ce. Yawanci wata tsoka ce ta yi rauni. Ita kuwa tsoka, in an hore ta, ta kan yi ƙarfi. Wannan horo a gida a ke yinsa, ba a biyan ko kwabo, ba wanda zai san ana yi.

Yadda jiki ke riƙe fitsari

Ko wane mutum yana da ƙoda biyu. Aikinsu tace jini dare da rana. Ruwan da su ke fitarwa shi ne fitsari, ya kan kai wajen lita ɗaya da rabi a yini da kwana. Fitsarin nan ya kan gangara ya taru cikin mafitsara. Ita mafitsara kamar 'yar salka ta ke, tana can ƙasan mara. Ta kan ɗauki wajen rabin lita, watau kamar cikin ledar ruwan sha guda. Daga mafitsara akwai ɗan bututu da ke fitar da fitsari waje. Na mace gajere ne, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, watau wajen inci ɗaya da rabi. Na namiji ya fi wannan tsawo ƙwarai. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗigar fitsari ta fi samun mata.

Yanzu mu dubi ƙashin ƙugu. Kamar kwando ya ke wanda ba shi da ƙasa. A cikinsa mafitsara ta ke, da mahaifa, da ƙarshen hanji. Me ya hana su zubowa? Allah ya shimfiɗa wata tsoka a ƙasansu, ta tashi daga ƙashin gaba har zuwa ƙarshen ƙashin baya. Ita mu ke kira tsokar ƙasan mara. Ku tuna da ragaya wadda a ke rataye ƙwaryar nono a ɗaka. Muddin igiyar ragaya na da ƙarfi, ƙwarya na zaune daram. In igiya ta saki, ƙwarya ta karkace, nono ya zube. Haka wannan tsoka ta ke.

Hanyoyi uku ne suka ratsa ta cikinta: hanyar fitsari, da hanyar haihuwa, da dubura. In tsokar ta tsuke, sai ta rufe bakin hanyoyin nan kamar yadda zariya ke tsuke wando. Sa'ad da mutum ya yi tari, cikinsa ya kan danno mafitsara da ƙarfi. In tsokar na da lafiya, nan take ta kan tsuke ta tare. In ta yi rauni, sai fitsari ya sami hanya.

Abin da ke raunana ta

Na farko ciki da haihuwa. Wata tara tsokar nan tana ɗauke da nauyin jariri, ranar haihuwa kuma ta buɗe iyakar buɗewa don kansa ya wuce. In haihuwa ta yi yawa, ko ta zo kusa da kusa, ko jariri ya cika girma, ko naƙuda ta yi tsawo, tsokar ba ta samun komawa yadda ta ke sosai.

Na biyu shekaru. Bayan haila ta ɗauke, naman wurin ya kan rage kauri da ƙarfi.

Na uku duk abin da ke danna ta yau da gobe: ƙiba mai yawa, da tarin da ya ƙi jin magani, da yunƙuri a bayan gida saboda taurin ciki, da ɗaukar kaya masu nauyi kamar itace da jarkar ruwa.

Ba duk zubar fitsari ce iri ɗaya ba

Nan sai mu lura ƙwarai, gama ko wane iri da maganinsa.

Iri na ɗaya shi ne wanda muka fara faɗa. Fitsari kaɗan ne ke fita, sai an yi tari, ko dariya, ko tsalle, ko an ɗaga abu. In mace na zaune shiru ko tana barci, ba ta ganin kome. Wannan shi ne ya fi jin horon tsoka.

Iri na biyu shi ne matsuwa ta gaggawa. Mace na zamanta, sai fitsari ya taso mata farat ɗaya, kafin ta ɗauki buta ta kai makewayi ya zubo. Wata da ta ji ƙarar zubar ruwa sai abin ya motsa. A nan mafitsara ce ke matsa kanta tun ba ta cika ba. Horon tsoka na taimako, amma sai an haɗa da horon mafitsara, wanda za mu bayyana a gaba. Mata da yawa suna da iri na ɗaya da na biyu a haɗe.

Iri na uku shi ne wanda a ke kira yoyon fitsari. Wannan dabam ya ke. Fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa, ko mace na kwance ko tana tsaye, ba ta ma jin fitowarsa. Dalili kuwa ƙofa ce ta huje tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Doguwar naƙuda ce ta fi kawo shi, sa'ad da kan jariri ya tokare kwana da kwanaki, har naman wurin ya mutu. Yankan gishiri ma ya kan kawo shi. Horon tsoka ba ya toshe wannan ƙofa, sai likita ya ɗinke. Ana kuwa yin ɗinkin, mata dubbai sun warke. Akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda wani likita mutumin ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya soma wannan aiki tun cikin shekarun 1980, ya kuma koya wa likitoci da yawa. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala Muhammad na Kano. A Nijar kuma an buɗe asibitin wannan aiki a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Wadda ta ga alamar yoyo bayan haihuwa, kada ta zauna jira. A kai ta asibiti da wuri, domin in ƙofar ƙarama ce kuma sabuwa, wani lokaci robar fitsari kaɗai da za a sa mata ta 'yan makonni ta kan sa ta rufe.

Sauran maganarmu a kan iri na ɗaya da na biyu ta ke.

Asalin wannan horo

Wani likitan mata a ƙasar Amurka, mai suna Arnold Kegel, shi ne ya yayata wannan horo. A 1948 ya rubuta yadda ya koya wa mata tsuke tsokar ƙasan mara, da yadda da yawansu suka daina ɗigar fitsari ba tare da an yi musu aiki ba. Don haka a asibitoci har yanzu a kan kira horon da sunansa.

Daga baya an yi ta jarraba shi a ƙasashe dabam dabam. A 2018 masana suka tattara sakamakon gwaji 31 da aka yi a ƙasashe 14. A cikin matan da ke ɗigar fitsari wajen tari da atishawa, waɗanda suka yi horon, 56 cikin 100 sun ce sun warke sarai. Waɗanda ba su yi ba kuwa, 6 kaɗai cikin 100 suka ce haka. Cikin sauran da ba su warke sarai ba, da yawa sun sami sauƙi. Kun ga ashe ba tatsuniya ba ce.

Yadda za ki gane tsokar

'Yar'uwa, wannan shi ne mataki mafi wuya, gama tsokar a ɓoye ta ke, ba a ganinta. Ki fara yin fitsari tukuna. Sa'an nan ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki tanƙwashe gwiwoyinki, tafin ƙafa a ƙasa. Ki saki jikinki duka.

Yanzu ki ɗauka kina cikin taron mutane, iskar ciki tana so ta fita, kina riƙe ta. Wannan tsukewa da ki ka yi a dubura, ita ce. Ki ƙara da tsuke gaba, kamar mai tsai da fitsari. Sa'an nan ki ja su duka sama, zuwa cikin jiki. Za ki ji wurin ya tsuke ya ɗan ɗaga. In kin saki, za ki ji ya sauko.

In kina shakka, ki wanke hannu da sabulu, ki sa yatsa guda cikin gaba, ki tsuke. In kin ji naman ya kama yatsan, kin samu. Ko kamun ba shi da ƙarfi, ba kome, mafari ke nan. Wadda ta kasa ganewa ta tambayi ungozomar asibiti ko malamar awon ciki. Aikinsu ne, ba kuwa yau suka fara jin wannan tambaya ba.

Akwai kuskure huɗu da a kan yi. Kada ki riƙe numfashi. Kada ki matse cinyoyi ko ɗuwawu. Kada ki ƙanƙame ciki. Mafi muni duka, kada ki yi yunƙuri ƙasa kamar mai naƙuda, gama wannan ƙara wa tsokar rauni ya ke yi. Sama a ke ja, ba ƙasa a ke turawa ba.

Kada kuma ki mai da tsai da fitsari a makewayi ya zama shi ne horonki. Yin haka kullum ya kan hana mafitsara juye abin da ke cikinta duka, ragowar kuwa ta kan jawo ciwon mara.

Yadda a ke horon

Iri biyu ne, dogo da gajere. Dogo na koya wa tsoka jimiri, don ta riƙe fitsari har a kai makewayi. Gajere na koya mata zafin nama, don ta tare tari da atishawa.

Dogo: ki tsuke, ki ja sama, ki riƙe, kina ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, kina numfashi. Sa'an nan ki saki sarai, ki huta gwargwadon yadda ki ka riƙe. Ki maimaita sau takwas zuwa goma. In ƙirga uku ta yi miki sauƙi, ki koma biyar. Mako mako ki riƙa ƙarawa har ki kai goma. Sakin nan kuwa kada ki raina shi. Tsokar da ba ta hutawa ba ta yin ƙarfi.

Gajere: ki tsuke da ƙarfi, ki saki nan da nan. Ki yi haka sau goma.

Dogo da gajere a haɗe su ne zama guda, ba su wuce minti biyar ba. Ana so a yi zama uku ko wace rana. Don kada ki manta, ki ɗaura su a kan abin da ki ke yi kullum: ɗaya da sassafe kafin ki tashi daga shimfiɗa, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan lisha. Mai goyo ta iya yi sa'ad da ta ke ba da mama. Wajen ƙirga, yatsun hannu sun isa.

Ki fara a kwance, don ya fi sauƙi. In kin saba, ki yi a zaune, kina tsinke zogale ko kina tankaɗe. Daga baya ki yi a tsaye, gama a tsaye ne abin ya fi samun mutum.

Ga kuma wata dabara mai amfani tun daga ranar farko. Duk sa'ad da ki ka ji tari ko atishawa na zuwa, ko za ki ɗaga yaro, ko za ki tashi daga zaune, ki riga tsuke tsokar, ki riƙe har abin ya wuce. Yau da gobe sai jiki ya saba, ya riƙa yi da kansa.

Sai an yi haƙuri

Wanda ya shuka gero yau ba ya zuwa da lauje gobe. Wata mace ta kan fara ganin sauƙi bayan mako shida, wata sai ta fi haka. Likitoci sun ce a yi wata uku cur ana horon kullum kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Yawancin waɗanda suka ce bai yi musu amfani ba, ko dai sun bari tun a mako na biyu, ko kuwa ba tsokar su ke tsukewa ba. Kada kuma a ce za a yi ɗari biyar a yini don a gama da wuri. Tsoka ta kan gaji, in ta gaji ɗigar sai ta ƙaru.

In sauƙi ya samu, kada ki bari. Ki ci gaba da yi ko sau ɗaya a yini, har iyakar rai. Tsokar da aka daina hora ta kan koma gidan jiya. Tsufa kuma ba ya hanawa. Tsohuwa mai jikoki ma in ta yi, ta kan ga amfani.

Mai ciki da mai jego

Rigakafi ya fi magani. Mai ciki ta fara horon tun ba ta ga kome ba, tun ma ba mai cikin fari ba. An jarraba an ga waɗanda suka fara da wuri ba su cika samun ɗigar fitsari a ƙarshen ciki da bayan haihuwa ba. Horon ba ya cutar da jariri.

Mai jego ta iya farawa a hankali cikin 'yan kwanakin farko, da zarar ta ji za ta iya. In an sa mata robar fitsari, ta bari sai an cire. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ita ma ta yi, gama ta ɗauki nauyin ciki wata tara kamar kowa. A kuma ɗauke wa mai jego daka da ɗebo ruwa, har jikinta ya koma. Tazara tsakanin haihuwa da haihuwa na ba tsokar nan damar murmurewa.

Horon mafitsara

Wannan na mai matsuwar gaggawa ne. In fitsari ya taso miki, kada ki zabura da gudu, gudu na ƙara tunzura shi. Ki tsaya cik, ko ki zauna, ki tsuke tsokar sau biyar ko shida da sauri. Za ki ji matsuwar ta lafa. Sa'an nan ki tafi a hankali. Da farko ki jinkirta minti biyar. In kin saba, ki ƙara, har ya zama tsakanin fitsari da fitsari ya kai awa uku ko kusa da haka. Wannan horo na bukatar mako shida ko fiye. Ki kuma bar al'adar zuwa fitsari alhali ba ki ji shi ba, don wannan na koya wa mafitsara raki.

Abubuwan da ke taimakon horon

Kada ki hana kanki ruwa. In ruwa ya yi kaɗan, fitsari ya kan yi kauri da wari, ya dami mafitsara, ciki kuma ya bushe. Ki sha kofi shida zuwa takwas a yini, fiye da haka in ana zafi. Sai dai ki rage sha in dare ya yi.

Ki rage shayi mai kauri, da gahawa, da goro, da lemon kwalba baƙi. Akwai wani sinadari a cikinsu mai tsokanar mafitsara.

Ki yawaita cin ganye da 'ya'yan itace, kamar zogale, da rama, da alayyafo, da kuɓewa, da wake, da gwanda, don bayan gida ya zo da sauƙi ba yunƙuri.

In jiki ya yi nauyi ƙwarai, rage ƙiba ko kaɗan na rage ɗigar. In kaya ya yi nauyi, a raba shi biyu. Gara sawu biyu da ciwon shekara.

Muna kuma gargaɗi a kan cusa magani a gaba, ko kanwa, ko alif, ko wani ƙulli da a ke sayarwa wai don matsi. Ba abin da a ke cusawa da zai ƙarfafa tsoka. Sai dai ya ƙona naman wurin, ya kawo gyambo.

Yaushe za a tafi asibiti?

A tafi ba da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan. Fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa. Fitsari da zafi, ko da zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Jini a cikin fitsari, gama ya yiwu tsargiya ce ko wani ciwon. Yawan fitsari da ƙishirwa da rama, gama ya yiwu ciwon sukari ne. Jin wani abu ya sauko a gaba kamar ƙwallo, watau saukowar mahaifa. Fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida na zubowa ba da sani ba. Tarin da ya wuce mako biyu shi ma a kai a duba. Haka kuma wadda ta yi wata uku tana horo ba ta ga canji ba, ta koma wurin likita. Akwai sauran dabaru a hannunsu, har da ƙwayoyi da ƙaramin aiki.

Game da salla kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan mai larurar fitsari, akwai kuma sauƙi da shari'a ta yi masa. Kada mace ta bar salla saboda wannan. Ta tambayi malami ko malama, a gaya mata hukuncin da ya dace da halinta.

Jan kunne ga masu gida

Ku maza da ke ajin karatu, wannan magana ta shafe ku. Matar da wannan abu ya samu, wajen haifa muku 'ya'ya ta gamu da shi. Ba gori ya kamace ta ba, ba ƙyama ba. In ta ce za ta asibiti, a ba ta izini da kuɗin mota. In naƙuda ta kama ta, a kai ta asibiti da wuri, kada a bari rana ta fito ta faɗi tana kan gwiwa. Ku iyaye da surukai, ku koya wa 'ya'yanku wannan horo kamar yadda ku ke koya musu wankan jariri. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Ina tsokar ƙasan mara ta ke, mene ne kuma aikinta?
2. Faɗi abu uku da ke raunana ta.
3. Yaya za a bambanta ɗigar fitsari wajen tari da yoyon fitsari?
4. Sau nawa a ke horon a yini, har wata nawa?
5. Faɗi kuskure huɗu da a kan yi wajen horon.
6. Waɗanne alamu ne in an gani za a tafi asibiti nan da nan?